Me ya sa ake kasa maimaita sakamakon binciken kimiyya da dama?

A ƙarshen shekarar 2012, malamai a Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst a Amurka sun bai wa ɗalibansu masu karatun digirin digirgir wani aiki: kowa ya zaɓi fitaccen bincike guda a fannin tattalin arziki, ya bi sawun masu shi, ya ga ko zai isa inda suka isa.

Wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon ya zaɓi maƙalar da manyan masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa a 2010. Maƙalar ta nuna cewa idan bashin da ake bin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara, bunƙasar arzikin kan durƙushe. A lokacin, manyan 'yan siyasa a Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suna kafa hujja da wannan adadi wajen kare matakan tsuke bakin aljihu.

Herndon ya shafe watanni yana lissafi, amma alƙalumansa suka ƙi dacewa da nasu. Daga bisani ya rubuta musu, su kuma suka aiko masa da ainihin jadawalin da suka yi aiki da shi a manhajar Excel. A nan ne ya ga cewa wajen fitar da matsakaicin adadin ƙasashe 20, an tsallake biyar bisa kuskure, wato Ostiraliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmark.

Shi da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, sun kuma ƙalubalanci wasu shekaru da aka bari a waje, da yadda aka auna nauyin kowace ƙasa a lissafin. A watan Afrilun 2013 suka bayyana cewa ƙasashen masu tarin bashi na samun bunƙasar kashi 2.2 cikin 100 ne, maimakon komawa baya da kashi 0.1 da aka ce. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawalin, sai dai sun tsaya kan bakansu cewa yawan bashi na tafiya tare da raguwar bunƙasa.

Shekara uku ana yawo da adadin a majalisu da jaridu, kuma bai fito fili ba sai ranar da aka miƙa wa wani takardun ya duba da idonsa. Wannan ne tushen muhawarar da ta mamaye jami'o'in duniya cikin shekaru kusan 20 da suka gabata: nawa ne daga cikin binciken da ake wallafawa zai tsaya da ƙafarsa idan wani ya sake yin sa, kuma me ya sa ake ɓoye abin da za a duba?

Mece ce maimaita bincike?

Masana na bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne a ɗauki bayanan da mai bincike ya tara, a sake yin lissafinsa, a ga ko amsar za ta fito daidai. Irin abin da Herndon ya yi kenan. Na biyu ya fi wahala da tsada: a sake gwajin tun daga tushe, da sababbin mutane ko sababbin dabbobi, a wani ɗakin gwaje-gwaje na daban.

Wannan ƙa'ida ta daɗe. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana gwaje-gwajensa kan haske da gani dalla-dalla a littafinsa Kitab al-Manazir, har da yadda mai karatu zai haɗa kayan aikin ya gwada da kansa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da aka kafa a Landan a 1660 ta ɗauki take da harshen Latin mai ma'anar kada a karɓi magana don kawai wani ne ya faɗe ta.

A yau, kafin mujallar kimiyya ta buga maƙala, takan aika ta ga wasu masana biyu ko uku na fannin su tace ta. Sai dai mutane da yawa na yi wa wannan tacewa gurguwar fahimta. Masu tacewar ba sa sake gwajin, kuma galibi ba sa ganin ɗanyen bayanan. Abin da aka rubuta suke karantawa, su duba ko hujjojin sun haɗu. Don haka fitowar bincike a babbar mujalla shaida ce cewa wasu sun karanta sun gamsu, amma tabbaci sai an maimaita.

Yaya girman matsalar yake?

A 2005, wani likita masanin ƙididdiga, John Ioannidis, ya wallafa maƙala a mujallar PLoS Medicine inda ya yi amfani da lissafi ya nuna cewa, bisa yadda ake gudanar da bincike, akwai yiwuwar mafi yawan sakamakon da ake bugawa ba daidai ba ne. Maganar ta yi wa da yawa nauyi, amma hasashe ne na lissafi. Sai daga baya aka fara gwadawa a aikace.

A 2012, Glenn Begley, tsohon shugaban sashen binciken cutar daji a kamfanin magunguna na Amgen, da abokin aikinsa Lee Ellis, sun bayyana a mujallar Nature cewa kamfanin ya yi ƙoƙarin maimaita manyan bincike 53 da ake kallo a matsayin ginshiƙai a fannin, amma shida kawai aka iya tabbatarwa. Abin mamaki, su ma ba su iya bayyana sunayen binciken ba, saboda yarjejeniyar sirri da aka ƙulla da wasu daga cikin masu su.

Gwajin da ya fi jan hankali ya zo ne a 2015. Masana 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia sun sake gudanar da bincike 100 na ilimin halayyar ɗan'adam, waɗanda aka buga a manyan mujallu uku a 2008. A asali, 97 daga cikinsu sun ce sun gano wani tasiri. Da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake nuna hakan, kuma ƙarfin tasirin ya ragu da kusan rabi.

Cibiyar da Nosek ke jagoranta a lokacin ta kuma juya kan cutar daji. Ta tsara maimaita gwaje-gwaje 193 daga maƙaloli 53. Bayan shekara takwas, a 2021, gwaje-gwaje 50 kacal ta iya kammalawa daga maƙaloli 23. Babban abin da ya kawo cikas shi ne babu ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen 193 da aka bayyana shi a rubuce yadda wani zai iya maimaita shi ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka tuntuɓi masu binciken, ko dai ba su amsa ba ko kuma ba su taimaka ba. A waɗanda aka kammala, tasirin da aka samu ya yi ƙasa da na asali da kusan kashi 85 cikin 100.

Su kansu masanan sun san da zaman. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da Nature ta gudanar a 2016 tsakanin masu bincike 1,576, fiye da kashi 70 cikin 100 sun ce sun taɓa gwada maimaita aikin wani suka kasa, fiye da rabi kuma sun ce sun taɓa kasa maimaita nasu na kansu.

Ƙarya masanan ke yi?

Akwai maƙaryata. A 2011 aka gano cewa Diederik Stapel, shehin malami a Jami'ar Tilburg da ke ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana ƙirƙirar alƙaluman gwaje-gwajen da bai taɓa yi ba, kuma an janye maƙalolinsa sama da 50. To amma irin su Stapel ba su da yawa. Mafi yawan matsalar na fitowa ne daga mutane masu gaskiya da ke aiki cikin tsarin da ke ba da lada ga sakamako mai armashi.

Dalili na farko shi ne abin da ake bugawa da abin da ake jefawa a aljihun tebur. Mujallu sun fi son labarin an gano sabon abu, shi kuwa binciken da ya nuna magani bai yi aiki ba yakan rasa mai karɓa. A 2008, Erick Turner da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje 74 na magungunan cutar tsananin damuwa guda 12 waɗanda aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA. Hukumar ta ga cewa 38 sun nuna maganin na aiki, kuma an buga 37 daga cikinsu. Daga cikin sauran 36, ba a buga 22 ba sam, an kuma buga 11 ta yadda mai karatu zai ɗauka an yi nasara. Likitan da mujallu kawai yake karantawa zai ga kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali a takardun hukumar kashi 51 ne. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya iske manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, ya san wannan ciniki.

Dalili na biyu yana cikin lissafin kansa. Tun daga shekarun 1920, bayan rubuce-rubucen masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya Ronald Fisher, masana suka saba da wata ƙa'ida: ana ɗaukar sakamako da muhimmanci idan lissafi ya nuna cewa, da a ce babu wani tasiri na gaskiya, dace kawai ba zai haifar da irinsa ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin 20. Ma'ana, wanda ya gwada abubuwa 20 da babu mai aiki a cikinsu, zai iya ganin ɗaya ya fito kamar yana aiki. Idan ya ba da labarin wannan ɗayan ya yi shiru kan sauran 19, bai ƙirƙiri ko da adadi ɗaya ba, amma ya ɓatar da mai karatu.

A 2011, masana uku a Amurka, Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn, sun nuna hakan da gangan. Sun sa ɗalibai 20 sauraron kiɗa, sannan suka yi ta juya alƙaluman ta hanyoyin da aka saba gani a mujallu, har suka fitar da sakamakon cewa sauraron wata waƙar ƙungiyar Beatles na rage wa mutum shekarunsa na haihuwa da kusan shekara ɗaya da rabi. Abu ne da hankali ba zai ɗauka ba, kuma manufarsu kenan. Sun kuma lissafa cewa haɗa irin waɗannan dabaru guda huɗu kacal na ɗaga yiwuwar samun sakamakon bogi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 61 cikin 100.

Ko babu son zuciya, hanyar da aka bi na iya sauya amsa. A wani aiki da aka wallafa a 2018, an bai wa tawagogin masana 29 bayanai iri ɗaya kan 'yan ƙwallon ƙafa fiye da 2,000 da suka buga manyan gasannin Ingila da Jamus da Faransa da Sifaniya a kakar 2012 zuwa 2013. Tambayar ɗaya ce: shin alƙalan wasa sun fi bai wa 'yan wasa masu duhun fata jan kati? Tawagogi 20 sun ce alƙaluman sun nuna haka, tara kuma ba su ga ƙwaƙƙwarar shaida ba. Da tawaga ɗaya ce ta yi aikin, amsarta kaɗai duniya za ta ji.

Dalili na uku shi ne ƙananan abubuwan da ba a rubutawa. A 2014, masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun gano cewa ƙamshin jikin namiji na tayar wa ɓerayen gwaji hankali har ya rage yadda suke nuna jin zafi, kuma ko rigar da namiji ya kwana da ita aka ajiye a ɗakin, hakan na faruwa. Shekara da shekaru ana gwada magungunan rage raɗaɗi a kan ɓeraye ba tare da an rubuta ko mace ce ko namiji ya riƙe su ba.

A bayan duk waɗannan akwai matsin lamba. A jami'o'i da dama, daga Boston har zuwa Zariya da Legon, ƙarin girma na rataye ne a kan yawan maƙalolin da malami ya wallafa. Wanda ya kashe shekara yana duba aikin wani ba kasafai ake ƙirga masa hakan ba.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar kimiyya?

Maganin da masana da dama suka karkata gare shi shi ne a baje komai a faifai. A watan Nuwamban 2021, ƙasashe 193 mambobin hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da wani kundin shawarwari kan wannan tsari. A aikace, ya ƙunshi matakai kamar haka.

Na farko shi ne rajista kafin a fara. Mai bincike zai rubuta a bainar jama'a abin da yake son aunawa, da adadin mutanen da zai gwada, da hanyar lissafin da zai bi, tun kafin ya ga sakamako. Magana zarar bunu ce, da zarar ta fita ba ta komawa. Amurka ta buɗe rumbun rajistar gwajin magunguna na intanet a shekarar 2000, kuma daga 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin da ba a yi masa rajista ba.

Abin da ya biyo baya ya ba da mamaki. Robert Kaplan da Veronica Irvin sun duba manyan gwaje-gwaje 55 kan cututtukan zuciya da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi tsakanin 1970 da 2012. Kafin shekarar 2000, gwaje-gwaje 17 cikin 30 ne suka nuna maganin na da amfani. Bayan an fara rajista, biyu kacal cikin 25. Masanan biyu na ganin wajabta faɗin abin da za a auna tun farko na daga cikin manyan dalilan wannan sauyi.

Na biyu ya zarce haka. Tun 2013, bisa ƙoƙarin Chris Chambers na Jami'ar Cardiff, wasu mujallu suka fara tace tsarin bincike tun kafin a gudanar da shi. Idan tambayar na da muhimmanci kuma hanyar ta inganta, mujallar za ta yi alƙawarin bugawa ko me sakamakon ya nuna. Mujallu sama da 300 ne suka rungumi wannan tsari. Wani nazari na 2021 a fannin halayyar ɗan'adam ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na maƙalolin da aka buga ta tsohuwar hanya sun tabbatar da hasashen masu su, amma a sabon tsarin kashi 44 ne kawai.

Na uku shi ne ajiye ɗanyen bayanai da umarnin kwamfutar da aka yi lissafi da shi a inda kowa zai iya saukewa. Na huɗu kuma shi ne cire shingen kuɗi daga maƙalolin kansu, tare da sakin su a intanet tun kafin a kammala tacewa, al'adar da masana kimiyyar fiziks suka fara a 1991 da rumbun arXiv.

Darussa biyu daga annobar korona

A ranar 11 ga Janairun 2020, masanin ƙwayoyin cuta ɗan China Zhang Yongzhen, ta hannun abokin aikinsa Edward Holmes na Jami'ar Sydney, ya saki cikakken tsarin halittar sabuwar ƙwayar cutar a intanet. Cikin kwana biyu kamfanin Moderna da cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka kammala zana riga-kafinsu, kuma a ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar gwaji. Da wannan bayani ne kuma ɗakunan gwaje-gwaje a faɗin duniya suka haɗa hanyoyin gano cutar.

Bayan wata huɗu, duniya ta ga ɗaya fuskar. A ranar 22 ga Mayu, mujallar Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan marasa lafiya kimanin 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, kuma ya nuna cewa kulorokwin da ɗan'uwansa haidiroksi-kulorokwin na ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Bayan kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta dakatar da gwajin maganin.

Masana daga sassa daban-daban suka fara ganin abubuwan da ba su haɗu ba. Adadin mamatan da aka ce an samu a asibitocin Ostiraliya ya zarce wanda gwamnatin ƙasar ta ƙirga a lokacin. Bayanan dubban marasa lafiya da aka ce daga Afirka suka fito sun zo da cikar da masu aiki a nahiyar suka ce da wuya a same ta a farkon annobar. Da aka nemi kamfanin Surgisphere, mai bayanan, ya miƙa su ga masu bincike masu zaman kansu, sai ya ƙi. A ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar.

Amsar gaskiya ta fito ne daga gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda tsarinsa ke bayyane ga kowa tun farko. Ya nuna cewa maganin ba ya taimaka wa waɗanda aka kwantar a asibiti, sannan ya gano cewa wani tsohon magani mai arha, deksametason, na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi.

Ina Afirka ta tsaya?

Masanan Afirka ba su kasance a baya ba wajen buɗe bayanai. A lokacin Ebola ta 2014, wata tawaga da ta haɗa ma'aikatan asibitin Kenema a Saliyo ta riƙa sakin tsarin halittar ƙwayar cutar a intanet da zarar ta kammala, har guda 99. Biyar daga cikin waɗanda sunansu ke kan maƙalar Ebola ta kashe su kafin a buga ta. A watan Maris na 2020, cibiyar da Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, tare da wasu cibiyoyin Najeriya, ta fitar da tsarin halittar ƙwayar korona na farko daga nahiyar.

Sai dai abin da ya faru a Nuwamban 2021 ya bar tabo. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu, ciki har da Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, sun gano nau'in Omicron, kuma nan take suka sanar da duniya. Cikin 'yan kwanaki ƙasashe da dama suka rufe ƙofofinsu ga matafiya daga kudancin Afirka, a farkon Disamba kuma Birtaniya ta ƙara Najeriya a jerin, lamarin da ya rutsa da ɗimbin matafiya da ɗalibai. Daga baya hukumomin lafiya a Holan suka gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasar tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Wanda ya faɗi gaskiya da wuri shi ya fara shan horo.

Ba wannan ne karon farko da aka yi irin wannan saɓani ba. A 2007 Indonesiya ta daina miƙa samfuran murar tsuntsaye, tana mai cewa ana haɗa riga-kafi da su sannan a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba. Batun raba bayanan ƙwayoyin cuta da raba amfanin da ake samu daga gare su na daga cikin batutuwan da suka fi ɗaukar lokaci a tattaunawar yarjejeniyar annoba da mambobin WHO suka amince da ita a Mayun 2025.

Akwai kuma batun kuɗi. A da, mai karatu ne ke biya. A sabon tsari, mujallu da yawa sun mayar da nauyin kan marubuci. Daga Janairun 2021 Nature ta sanya Yuro 9,500 a kan kowace maƙala da ake so kowa ya karanta kyauta. Wasu mawallafa na yafe kuɗin ga masana daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma ba kowace mujalla ba, ba kuma kowace ƙasa ba. Malamin da a da bai iya karanta aikin wasu ba, yanzu yana iya karantawa amma ya kasa buga nasa. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu.

Nahiyar na gina nata hanyoyin. Rumbun African Journals Online, wanda aka fara a 1998, na ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, ciki har da masu yawa daga jami'o'in Najeriya. Tun 2009 WHO ta amince da rumbun rajistar gwajin magunguna na Afirka da ke birnin Cape Town. A 2018 kuma aka buɗe AfricArXiv, wanda ke karɓar ayyuka har da harsunan Afirka.

Me mai karatu zai lura da shi?

Kasa maimaita bincike ba ya nufin na farkon ƙarya ne. Mai maimaitawar ma na iya yin kuskure, kuma a 2016 wasu masana ƙarƙashin Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun soki aikin Nosek da cewa wasu gwaje-gwajen sun kauce wa na asali. Haka kuma abin da ya tabbata a kan ɗaliban Amurka ba lallai ya tabbata a kan manoman Maraɗi ba. Wani nazari na 2010 ya nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun halayyar ɗan'adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin 100 kacal na al'ummar duniya. Sannan ba kowane bayani ne za a saki ba, domin sirrin marar lafiya amana ce.

Kazalika matsalar ba ta shafi kowane fanni daidai ba. Alaƙar shan taba da cutar dajin huhu, da rawar sauro wajen yaɗa zazzaɓin cizon sauro, da kariyar da riga-kafin ƙyanda ke bayarwa, duk an tabbatar da su sau da dama a ƙasashe daban-daban, ta hannun mutanen da ba su san juna ba. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a sabon sakamako guda ɗaya mai ban mamaki, irin wanda ke saurin yawo a WhatsApp da Facebook.

Don haka idan aka ce bincike ya nuna, akwai tambayoyin da ba sai mutum ya je jami'a zai yi su ba. A kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye? Mutum nawa, kuma daga ina? Wa ya biya kuɗin aikin? An yi masa rajista kafin a fara? Bayanan na nan inda wani zai iya dubawa? Sannan babbar tambayar: akwai wata tawaga ta daban da ta sake yi ta samu irin wannan amsa?

Idan amsar ta ƙarshe a'a ce, to labarin bai nuna ba tukuna, kuma bai kamata a sauya magani ko a kashe kuɗi a kansa ba kafin a ji ta bakin likita ko masanin fannin.